Tecno Camon

Tecno Camon jerin wayoyin hannu ne na zamani da kamfanin Tecno yake ƙerawa, waɗanda suke aiki da manhajar Android. Tecno reshe ne na kamfanin Transsion mai hedikwata a birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Jerin ya fara fitowa kasuwa a shekarar 2015, kuma tun lokacin kusan kowace shekara ana fitar da sabon samfuri. An fi sanin Camon da kyamara, musamman wajen ɗaukar hoton baƙar fata. Yana cikin wayoyin da ake yawan gani a kasuwannin arewacin Najeriya da kudancin Nijar, domin an tsara shi ne daidai da yanayin wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas kuma mutane suke riƙe layi fiye da ɗaya.

Tarihi

An kafa Tecno a shekarar 2006 a Hong Kong, a ƙarƙashin jagorancin ɗan kasuwar ƙasar Sin, Zhu Zhaojiang. A 2008 kamfanin ya karkata hankalinsa ga Afirka, Najeriya kuwa tana cikin kasuwanninsa na farko. A lokacin shekara bakwai ke nan da fara aikin wayar salula a ƙasar, wanda ya soma a watan Agustan 2001. Kiran layin wani kamfani ya fi kiran layin gida tsada, sabis kuma yana yawan ɗaukewa, don haka mutane da dama suna yawo da waya biyu ko uku. Tecno ya shigo da ƙananan wayoyi masu ɗaukar layi biyu a farashi mai sauƙi, suka karɓu. A 2011 Transsion ya buɗe masana'antar haɗa wayoyi a Addis Ababa ta ƙasar Habasha. Wayoyin itel da Infinix ma nasa ne. Zuwa 2017, wayoyin Transsion gaba ɗaya sun zarce na Samsung yawan sayuwa a nahiyar Afirka.

Camon C8 na 2015 yana cikin samfuran farko na jerin. Camon CX ya biyo baya a 2017, sai Camon X a 2018. Daga Camon 11 aka koma kiran su da lamba: Camon 12 a 2019, Camon 15 da 16 a 2020, Camon 17 da 18 a 2021, Camon 19 a 2022, Camon 20 a 2023, Camon 30 a 2024, da Camon 40 a 2025. Kowane samfuri yakan zo hawa-hawa: akwai na talaka, sannan Pro, wani lokaci kuma Premier wanda ya fi su tsada.

Kyamara

Kyamarar waya tana auna hasken da ke gabanta kafin ta ɗauki hoto. Shekaru da dama, tun zamanin hoton fim, an fi gwada wannan awo da farar fata. Sakamakon haka, baƙin mutum da ya tsaya cikin rana ko ya sa farar riga sai fuskarsa ta fito duhu, idan kuma da dare ne kamanninsa su ɓace. Transsion ya tattara hotunan 'yan Afirka masu yawa, ya horar da manhajar kyamararsa ta gane fuska ta ba ta hasken da ya dace. A 2023 Tecno ya sanar da wata fasaha mai suna Universal Tone, wadda ya ce ya yi aikinta tare da masana launi na Jami'ar Leeds da ke Ingila.

Kayan kyamarar ma sun riƙa sauyawa. Camon CX ya zo da fitila biyu a gaba saboda hoton kai da dare. Kyamarar gaba ta Camon 15 Premier tana ɓoye a cikin jikin wayar, sai an buƙace ta take leƙowa sama. Camon 18 Premier yana da na'urar da ke hana hoto rawa idan hannu ya motsa, da ruwan tabarau mai jawo abin da ke nesa. Camon 19 Pro kuma an ƙara wa idon kyamararsa fararen ɗigo a kan ja da kore da shuɗi da aka saba, domin ya kwashi haske sosai a wuri mai duhu. Yawan megafiksel shi kaɗai ba ya nuna kyan hoto. Girman idon kyamarar da yadda manhaja take sarrafa hoton sun fi tasiri.

Batir da jikin waya

Daga Camon 17 zuwa Camon 30 yawancin samfuran suna da batir mai ƙarfin mAh 5000. Abin da ya fi sauyawa shi ne saurin caji, wanda ya tashi daga wat 18 a Camon 17 zuwa wat 70 a Camon 30. Wannan yana da amfani inda ake kawo wuta na ɗan lokaci, ko inda ake biyan kuɗi a shagon caji mai janareta ko sola. Sai dai zafi yana rage ƙarkon batirin litiyom, kuma a watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a arewacin Jigawa yakan wuce digiri 40. Caji a cikin rana ko amfani da caja mara inganci yana sa batir ya kumbura. Batirin wayoyin zamani a manne yake a ciki, sai mai gyara ne yake iya canza shi.

Ƙwaƙwalwar yawancin wayoyin Camon ta kamfanin MediaTek na Taiwan ce, wato jerin Helio da Dimensity, waɗanda suke taimakawa wajen rage farashi. A kan Android, Tecno yana ɗora tasa manhajar mai suna HiOS. Kamfanin Carlcare, shi ma na Transsion, shi ke kula da gyara da garanti.

Amfani a kan iyaka

Garin Maigatari a Jihar Jigawa misali ne na wurin da irin wannan ƙira take biyan buƙata. Yana kan iyakar Najeriya da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, a cikin masarautar Gumel wadda ta haɗa da Gagarawa da Sule Tankarkar. Yana da yankin ciniki maras shinge, da babbar kasuwar dabbobi da ke ci kowace Alhamis. Fataken da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashen biyu suna buƙatar layin Najeriya, kamar MTN ko Airtel ko Glo, da layin Nijar, kamar Airtel Nijar ko Moov ko Zamani. Waya mai layi biyu tana ba su damar riƙe duka, su kauce wa tsadar kira da layin wata ƙasa.

Kyamara ma ta zama kayan sana'a: dillali yakan ɗauki hoton sa ko raƙumi ya tura wa mai saye a Kano ko Legas ta WhatsApp kafin a yi ciniki. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura 'yan kasuwa da yawa zuwa tura kuɗi ta waya, ciki har da manhajar PalmPay wadda Transsion yake da hannun jari a cikinta. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, waya ce ta riƙe hulɗar 'yan uwa da abokan ciniki na ɓangarorin biyu. Maigatari tana cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a watan Disambar 2020.

Fitowar sabon samfuri

Kafin sabon Camon ya fito, hotunansa da bayanan kayan cikinsa sukan yaɗu a intanet. Camon 30 da Camon 40 an fara nuna su ne a baje kolin wayoyin hannu na duniya da ake yi a Barcelona ta ƙasar Sifaniya, kafin su iso shaguna. A Najeriya dole sai Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da kowane nau'in waya kafin a sayar da shi. A arewa, kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut a Kano su ne manyan wuraren da 'yan sari suke ɗaukar kaya zuwa garuruwa irin su Gumel da Haɗeja. Idan sabon samfuri ya kusa isowa, wasu masu saye sukan dakata, wasu kuma su sayar da ta hannunsu su cika kuɗi.

Farashi shi ne babban abin da ke yanke hukunci. Wayoyin daga waje ake shigo da su, don haka kuɗinsu yana bin dala. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana kusan naira 460, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wannan ya sa mutane da yawa suka koma wayoyi na hannu, ko masu araha kamar Tecno Spark da itel. Haka kuma ba kowane sabon abu ne yake amfani a ko'ina ba. MTN ya fara sabis na 5G a 2022 a manyan birane, ciki har da Kano, don haka samfurin 5G ba ya ƙara saurin intanet a inda turakun sabis ɗin ba su kai ba.

Suka

Masu amfani da wayoyin Tecno sun sha kokawa da yawan tallace-tallace da manhajojin da ake sakowa a cikin waya tun daga kamfani, da jinkirin sabunta Android. A 2020 masu binciken tsaron intanet na kamfanin Upstream sun gano muguwar manhaja mai suna Triada a cikin dubban wayoyin Tecno W2, wanda ba ya cikin jerin Camon. Transsion ya ɗora laifin a kan wani mai samar masa da kaya, ya kuma ce ya fitar da gyara.