Duhun Gwarzo da Kabo: Jarin Mai Ɗaukar Hoton Taurari

Duk matafiyin da ya baro birnin Kano da dare, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero ya doshi ƙasar Kabo da Gwarzo, zai lura cewa taurari suna ta ƙaruwa a sama. Taurarin suna nan tun farko; hasken fitilun birni ne ya yi musu lulluɓi. Saboda haka ɗalibin da ke waɗannan garuruwa yana da abin da ɗan Fagge ba shi da shi, watau duhu, kuma da shi ake fara ɗaukar hoton sararin samaniya.

A bayan ƙwayar idon ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyin halitta masu siffar sanda, su ne ke gani a duhu. Aikinsu ya dogara ga wani sinadari mai suna rodofsin, wanda jiki ke haɗawa da bitamin A. Shi ya sa ƙarancin wannan bitamin ke jawo dundumi. Haske mai ƙarfi yana rusa sinadarin nan take, sai an yi minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya taru sosai. Ke nan duba fuskar waya sau ɗaya ya isa ya ɓata jiran rabin awa. Gwanaye sukan rufe bakin tocila da jar leda, domin jan haske bai cika taɓa waɗannan ƙwayoyi ba. Wani abin mamaki kuma, tsakiyar ido ba ta da su, don haka tauraro mai dishi-dishi ya fi fitowa idan aka kalli gefensa.

Inda kyamara ta fi ido shi ne haƙuri. Ido ba ya tara haske sai na ɗan ƙiftawa, ita kuwa kyamara, ko da ta wayar hannu ce, ana iya barin ta a buɗe daƙiƙa 10 zuwa 15 tana tarawa. Sharaɗin shi ne kada ta motsa: a jingine ta da dutse ko buhun hatsi, a sa ta ɗauka da kanta bayan an janye hannu. Idan an zarce wannan lokaci da yawa, taurari sukan fito kamar zane, domin duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa.

Gwarzo tana kusa da digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka tauraron arewa yana ƙasa-ƙasa, ana kuma hango taurarin kudu waɗanda mutumin Ingila ba ya taɓa gani daga gida. Mai farawa ya soma da wata, da Zara matar wata, da Kaza da 'Ya'yanta. Mushtari ya fi ban sha'awa: da tabarau mai hangen nesa, in an kafe shi sosai, ana ganin watanninsa huɗu da Galileo ya gano a 1610. Na kusa da shi, Io, yana kewaye shi cikin kimanin awa 42, saboda haka hoton daren Litinin ba zai yi kama da na Talata ba. Zoben Zuhal kam sai da madubin hange na sosai. Rana kuwa, kada a kuskura a kalle ta da ɗayansu. Tana ƙona ido.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Gajimare ya kan rufe damina, ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta dusashe Disamba zuwa Fabrairu. Dararen kaka, Oktoba da Nuwamba, lokacin da wata ba ya sama, su suka fi.

Sai dai wannan duhu ba dawwamamme ba ne. Fitilun sola na kan titi suna shiga ƙauyuka, alheri ne babu shakka, amma wadda ba ta da murfi tana watsa haske sama inda ba mai buƙatarsa, tana kuma ruɗar ƙwari da tsuntsaye masu ƙaura da dare. Malamin kimiyya zai iya sa ɗalibansa su ɗauki hoton Kaza da 'Ya'yanta daga wuri guda kowane Nuwamba, su rubuta rana da lokaci, su ƙirga taurarin da suka fito, sannan su bar wa ajin da ke biye da su littafin.