Maƙwaƙwafi: Ramin Sheƙarsa da Maƙiyansa

Maƙwaƙwafi tsuntsu ne da ba ya saƙa sheƙa da ciyawa, domin shi da bakinsa yake sassaƙa rami a jikin itace, kuma ire-irensa sun haura 200 a duniya, sai dai babu shi a Ostareliya da tsibirin Madagaska. A dajinmu na Afirka ta Yamma an fi ganin wani mai launin toka, wanda namijinsa ke da ja a ka.

Yawanci yakan zaɓi busasshen itace ko reshen da ya fara ruɓewa, ya maƙale da yatsunsa huɗu, biyu a gaba biyu a baya, ya dogara da ƙaƙƙarfan gashin wutsiyarsa, sannan ya huda ƙofa daidai girman jikinsa, ya karkata ramin zuwa ƙasa. A kan ɓarɓashin itacen da ya rage macen ke saka fararen ƙwai, ita da namijin su yi kwanci na kusan mako 2, kuma namijin ne ke kwana a kan ƙwan da dare. 'Ya'yan sukan fito tsirara, idonsu a rufe, ba sa barin ramin sai bayan mako 3 zuwa 4.

Ƙuncin ƙofar nan yana tare manyan dabbobi, amma ba ya hana maciji shiga, shaho kuma yakan sure iyayen a waje. Maƙiyin da ya fi mugunta shi ne tsuntsun nan mai nuna wa mutane inda zuma take, wanda kan saci jiki ya saka ƙwansa a ramin, ɗansa ya fito da ƙugiya a baki, ya kashe 'ya'yan masu gida, su kuma su ci gaba da ciyar da shi. A kudu maso gabashin Amurka akwai wani nau'i da ke haƙa raminsa a ɗanyen itace, ya tsattsage ɓawon kewayen ƙofar har danƙo ya malalo, ya hana maciji hawa.

Ramin da maƙwaƙwafi ya bari yakan zama gidan wasu tsuntsaye da ba su iya sassaƙa ba, saboda haka ya kamata masu saran itacen girki su riƙa barin wasu busassun itatuwa a tsaye, musamman waɗanda aka ga rami a jikinsu.