Rumbun Ci Da Ɗaurin Iri

Kakana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa haɗa hatsin ci da iri a rumbu ɗaya ba. Da kaka ta yi, zai tsinci zangarniyoyin geron da suka fi cika, ya ɗaure, ya rataye a ɗakin girki inda hayaƙi ke korar ƙwari. Ɗauri guda kuma sai ya aika gidan ƙanensa a wani ƙauye. Muna yara muna ganin wahala ce kawai, sai shekarar da gobara ta lashe rumbuna uku a unguwarmu.

Shi na tuna ranar da ɗan yayata, mai karatun digiri na uku a Manchester, ya kira ni hankali a tashe. Kwamfutarsa ta yi nauyi, faifan ajiyarta yana wata ƙara ƙas-ƙas, binciken shekara uku kuwa duk yana ciki. Ya ce, "Kawu, tagwaye zan yi wa faifan."

Na ce ya hanzarta, don faifan da ya fara wannan ƙarar ba ya jiran kowa. Yin tagwaye ya bambanta da kwashe takardu zuwa filashi. Kwasar takardu kamar ɗibar hatsi ce a buhu. Tagwaye kuwa sake gina rumbun ne ɗungurungum, da jinkarsa da ƙofarsa da duk abin da ke ciki, kowane a mazauninsa. Manhajar da ke yin aikin tana bin tsohon faifan sashe-sashe, ta kwafi Windows, da manhajoji, da ɗan ɓoyayyen wurin da kwamfuta ke karantawa kafin ta tashi. Ka cire tsohon, ka sa sabon, ta kunnu kamar ba abin da ya faru. Yaron ya yi aikin da Macrium Reflect, wadda kamfanin da ke yin ta a Manchester ɗin yake. Wasu kuma Clonezilla suke amfani da ita, kyauta.

Inda muka saɓa da shi, ya ɗauka magana ta ƙare. Tagwayen faifai hoton rana ɗaya ne: abin da ka rubuta gobe ba ya ciki. In kuma akwai cuta a tsohon, da ita za a kwafa, kamar wanda ya rataye irin da ƙwari suka riga suka shiga. Mafi muni, sai ya bar faifan tagwayen a jone da kwamfutar dare da rana. Rumbu biyu ke nan jinka na taɓa jinka. Irin manhajar ɓarayin nan mai kulle bayanai ta nemi kuɗin fansa, kamar WannaCry da ta tsayar da ayyukan asibitoci da yawa a Ingila a watan Mayun 2017, duk faifan da ta tarar a jone tana iya haɗawa da shi.

Birnin Birmingham ma ya ɗanɗana irin wannan asara tun kafin a san kwamfuta. A watan Janairun 1879 gobara ta cinye babban ɗakin karatu na birnin, kaɗan ne daga cikin dubban littattafansa suka tsira. Waɗanda aka buga da yawa, an sake tara su daga wasu wurare. Rubutun hannun da ba shi da na biyu kuwa ya tafi ke nan, kuma wannan ne ke taɓa mini zuciya, domin binciken yaron nan irinsa ne.

Masu sana'ar kwamfuta suna cewa a riƙe kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya ya kwana nesa da gida. Muka tsara haka: kowace Juma'a ya jona faifan waje, ya sabunta, ya zare, rubutun da yake kai kullum ya hau ma'ajiyar intanet, faifai na uku kuma yana hannun gwaggonsa a Birmingham, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa, yana musanya shi duk sanda ya je gaishe ta.

Saura gwaji. Kafin damina kakana yakan naɗe 'yan ƙwayoyi a jiƙaƙƙen tsumma ya ga ko za su tsiro. Na sa yaron ya cire faifansa, ya saka tagwayen, ya kunna ina kan waya. Muka yi shiru muna jira, can na ji ya ce, "Alhamdulillahi, Kawu, ta tashi."