Yadda Ake Tsara Wasiƙa a Kwamfuta

A da, mai son a buga masa takarda sai ya nemi mai tafireta a bakin kotu ko gidan waya. Yanzu kwamfuta ta karɓi wannan aiki. Amma ba ta san inda ya dace kowane layi ya zauna ba, sai an nuna mata. Wasiƙar neman rijiyar burtsatse ko takin zamani, in ta fito a hargitse, ma'aikaci yana iya ture ta gefe bai karanta ba.

Manhajar da aka fi buga takardu da ita, ita ce Microsoft Word, wadda ta fara fitowa a 1983. Tana da hanyoyi 4 na jera layuka. Da farko ana zaɓar layin da ake so, sannan a danne maɓallin Ctrl tare da harafi ɗaya.

Ctrl da L suna kai rubutu gefen hagu. Daga nan rubutun boko yake farawa. A nan ake sa adireshin wanda za a kai wa wasiƙa.

Ctrl da R suna kai rubutu gefen dama. A nan mai wasiƙa yake sa nasa adireshin, da kwanan wata a ƙarƙashinsa. Ajami da Larabci su ma daga dama suke farawa.

Ctrl da E suna ajiye layi a tsakiya. Wannan na kan magana ne, kamar "Neman Gyaran Rijiya".

Ctrl da J suna daidaita bakin layuka hagu da dama, su miƙe kamar kunyar gona. Wannan ya dace da cikin wasiƙa.

Kuskuren masu koyo shi ne tura rubutu da dogon maɓallin ba da tazara. A fuskar kwamfuta sai a ga kamar ya daidaita, amma da an ƙara kalma ɗaya, layin ya goce.

Haka kuma a bar fili a gefunan takarda, kimanin santimita biyu da rabi, don kada a huda rubutu wajen sa ta a fayil.

Wanda ya kai aiki shagon buga takardu, ya karanta kafin ya biya. Ya duba sunansa, da sunan ƙauyensu, da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. In an bar lanƙwasa, "ƙasa" sai ta koma "kasa". In ya ga kuskure, ya ce a gyara nan take. Wannan haƙƙinsa ne, tunda kuɗinsa ya biya.