Jiragen ruwa na garin San-Luwi

San-Luwi gari ne a arewacin ƙasar Senegal, kusa da inda kogin Senegal yake shiga teku. Mutanen wurin suna kiran shi Ndar. Tsohon garin yana bisa wani siririn tsibiri a tsakiyar kogi. Faransawa sun kafa sansanin ciniki a nan cikin shekara ta 1659. Sun zaɓi wurin ne domin kogin, don shi ne hanyar shiga cikin ƙasa.

A wancan zamani babu mota, babu jirgin ƙasa. Idan damana ta sauka, kogi ya cika, sai jirage su tashi daga San-Luwi su nufi gabas. Suna kai tufafi da gishiri da ƙarfe. Suna komowa da ƙaro da zinariya da hauren giwa da gero. Shekaru da yawa kuma har bayi suke ɗaukowa, ana saida su ga masu ƙetare teku.

Baƙar fata ne suke aikin jiragen nan, ana ce musu "lapto". Waɗansu ƴaƴa ne, waɗansu bayi. Aikinsu yana da wuya ƙwarai. Jiragen da iska suke tafiya. In iska ta kwanta, sai lapto su sauka gaɓa, su ɗaura igiya, su ja jirgi da ƙarfinsu, ga rana, ga sauro. Su ne suka san inda ruwa yake da zurfi, da inda rairayi yake ɓoye. Dole ne kuma a komo kafin ruwa ya janye. Jirgin da ya makara sai ya kafe, ya jira wata damana.

Daga baya aka kawo jirage masu tafiya da tururi. Lokacin cikar kogi suna kaiwa har Kayi, cikin ƙasar Mali ta yanzu, tafiyar fiye da kilomita 900. A 1904 hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Kayi da Kulikoro, a bakin kogin Isa, wannan kogi da ya ratsa Yamai. Ta haka kayan San-Luwi suke isowa wani kogin.

Amma bakin kogin Senegal yana da tudun rairayi mai hana manyan jiragen teku shiga. Dakar kuwa tana da tashar ruwa mai zurfi. A 1885 jirgin ƙasa ya haɗa Dakar da San-Luwi. A 1902 babban gwamnan Faransawa na Afirka ta Yamma ya bar San-Luwi. A 1924 an gama hanyar jirgin ƙasa daga Dakar zuwa Bamako. Sannu a hankali ciniki ya bar kogi, daga baya motoci suka ɗauke abin da ya rage.

Cikin jiragen ƙarshe akwai wani mai suna Bu-el-Mogdad. An ƙera shi a Holan a 1950. Tsawonsa ya ɗara mita 50. Yana ɗaukar mutane da kaya da wasiƙu, yana tsayawa gari gari. Ranar zuwansa, kowa sai ya nufi bakin ruwa: mai jiran baƙo, da mai jiran wasiƙa, da mai talla. Da hanyoyin mota suka yi kyau, aiki ya ƙare masa. A 1982 ya bar kogin.

A 2005 waɗansu mutanen San-Luwi suka saye shi, suka maido shi gida. Akwai wani kadarkon ƙarfe da ya haɗa tsibirin da tudu, sunansa Federbu. An buɗe shi a 1897, tsawonsa ya fi mita 500. Wani sashe nasa yana juyawa don jirage su wuce, amma ya daɗe bai motsa ba. Ranar da tsohon jirgin ya komo, aka juya sashen, jama'a suka cika gaɓa suna kallo. Daga nan jirgin ya riƙa ɗaukar masu yawon buɗe ido, tsakanin San-Luwi da Podor.

Tun shekara ta 2000 hukumar UNESCO ta sa tsibirin San-Luwi cikin kayan tarihi na duniya. Da an farfasa Bu-el-Mogdad an saida ƙarfensa, da yaran garin ba su taɓa ganin irin jirgin da kakanninsu suka yi tafiya cikinsa ba.

Tambayoyi

1. Don mi Faransawa suka zaɓi tsibirin Ndar?
2. Wane aiki lapto suke yi idan iska ta kwanta?
3. Mi ya sa ciniki ya bar kogin Senegal?
4. Nemi San-Luwi da Kayi da Yamai bisa taswira.
5. Wane tsohon abu ne a garinku ya kamata a adana?