Ƙyalli daban, kariya daban: yadda ake tsare yadin ƙananan jiragen sama daga ɓarnar mai

Duk macen da ta daɗe tana sayar da shadda a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ta san ƙyallin yadi iri biyu ne. Akwai wanda ke zama ko da an yi wanki uku, akwai kuma wanda ruwan farko ke tafiya da shi, mai saye ya dawo yana ƙorafi. A wannan fitowa za mu kai masu karatu ga wata sana'a da ke nesa da mu, inda wannan bambanci kan jawo asarar aikin watanni. Sana'ar ita ce ta masu haɗa ƙananan jiragen sama da ake lulluɓewa da yadi, ana tuƙa su daga ƙasa da akwatin rediyo. Za ku ga cewa dangin kayan da suke aiki da su na nan a kan teburanmu da cikin butikanmu.

Wane irin jirgi ne?

Waɗannan jirage ba su ɗaukar mutum. Faɗin fikafikan mafi yawansu daga mita 1 ne zuwa mita 2, nauyinsu kuma kilo kaɗan. A Amurka, Ingila, Faransa, Jamus da Japan akwai ƙungiyoyi da filaye na musamman domin wannan wasa. Babbar ƙungiyar Amurka an kafa ta tun 1936, kuma a ƙarshen shekarun 1930 ne wasu tagwaye, Walter da William Good, suka yi suna wajen tuƙa irin wannan jirgi da rediyo.

Ƙashin jirgin da wani itace ake yin shi mai suna balsa, wanda ƙasar Ekwado ta fi kowa fitarwa. Wajen rashin nauyi ya yi kusa da karan dawa da yaranmu ke ƙera motoci da shi. Idan an gama haɗa ƙashin sai a lulluɓe shi da yadi. A da siliki ko nailan ake sa wa, yanzu kuwa an fi amfani da yadin roba na poliyesta, irin su Koverall na kamfanin Sig a Amurka, da Oratex na Jamus. Wannan yadi idan ya ji zafin dutsen guga sai ya tsuke, ya ɗame kamar fatar kalangu.

Dabarar daga manyan jirage aka gado ta. Jirgin farko da ƴan'uwan nan Wright suka tayar a 1903, farin yadin auduga irin akoko aka lulluɓa masa, ba tare da an shafa masa komai ba. Daga baya masu ƙera jirage suka lura cewa iska na bi ta ƙofofin saƙa, raɓa kuma na sa yadin ya saki. Shi ya sa aka fito da wani ruwa mai kauri da Turawa ke kira dop, wanda ke toshe saƙar, ya kuma ƙara ɗame yadin idan ya bushe.

Man da ke cin fenti

Matsalar daga inji take. Yawancin ƙananan injinan ba isansi suke sha ba. Mansu haɗi ne na abu uku: wani irin alkol mai suna metanol, shi ne mafi yawa, sai nitrometan, sau da yawa kashi 5 zuwa 15 cikin 100, domin ƙarin ƙarfi, sai man shafawa kusan kashi ɗaya cikin biyar. Man shafawar nan tun asali man zurma ne, zurmar nan da ke fitowa a bakin gulbi da bayan gari, ko da yake yau ana haɗa shi da na masana'anta. Sunan man mota Castrol ma daga sunan zurma da Turanci aka samo shi.

Injin ba ya ƙone man shafawar duka. Yana feso shi da zafi ta bakin salansa, haɗe da ɗanyen man da bai ƙone ba, duk ya zuba a gefen jirgin da ƙarƙashin fiffike. Metanol da nitrometan na narkar da fenti iri-iri, ya yi danƙo yana bin hannu. Man zurmar kuma da ya sami ƴar kafa sai ya shige ƙarƙashin yadin, itacen ya shanye shi kamar yadda ƙosai ke shan mai. Itacen da ya sha mai yakan yi nauyi, ya yi laushi, gam ba ya ƙara kama shi. Ranar da katakon da ke riƙe da inji ya saki a sama, aikin wata uku ko huɗu da kuɗin da aka zuba sun tafi ke nan.

Dop iri biyu

Na farko shi ne dop na nitrat. Ana yin shi da auduga ko niƙaƙƙen itace da aka sarrafa da asid. Yana kama yadi ƙwarai, yana bushewa da sauri, amma man injin na narkar da shi. Mata masu sayar da kayan kwalliya sun san ɗan'uwansa, domin mafi yawan jan farcen da ke cikin ƴan kwalabe da wannan sinadari ake yin shi. Yadda ruwan goge farce ke wanke jan farce, haka man injin ke yi wa dop na nitrat.

Na biyu shi ne dop na butirat. Bai kai na farko kama yadi ba, amma ya fi jure mai, bai kuma kai shi saurin kama wuta ba. Aibinsa shi ne yana ci gaba da tsukewa har bayan watanni, ta yadda zai iya karkatar da fiffike marar ƙwari. Idan kuma nitrometan ya yi yawa cikin mai, shi ma yakan gaza.

Saboda haka masu sana'ar suka tsaya kan tsari guda: a fara da nitrat domin ya riƙe yadi, a rufe da butirat domin ya tare mai. Butirat na zama bisa nitrat, amma nitrat ba ya zama da kyau bisa butirat. Wanda ya juya tsarin zai ga shafen na tsagewa ko yana ɓamɓarewa.

Shafen ƙarshe

Bayan an yi launi, ana rufewa da shafen ƙyalli marar launi, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. A ido dukkan gwangwanayen kamar ɗaya suke, kowanne na ba da sheƙi. Amma wanda ake tsinkawa da ruwa, irin na kujeru da ƙofofi, galibi ba ya jure nitrometan. Poliyuretan mai tushen mai ya fi shi juriya, sai dai yakan koma rawaya-rawaya, ya ɓata farin launi. Waɗanda suka fi ƙarfi su ne masu gwangwani biyu da ake haɗawa lokacin aiki, wato epoksi da poliyuretan irin na masu fentin mota. Sun fi tsada, amma araha ba ta ado.

Ƙwararru na kiyaye abubuwa kamar haka. Tun kafin a sa yadi, sukan shafe katakon bayan inji da ɗakin tankin mai da epoksi da aka ɗan tsinka da alkol. Sukan bi bakin yadi, wato inda ya ƙare ko ya hau kan wani, su rufe shi sarai, domin ta nan mai ke shiga. Shafe kuma siriri ake yi sau biyu ko uku, a bar kowanne ya bushe, saboda kowane shafe nauyi ne, jirgi mai nauyi kuwa ba ya tashi da daɗi. Bayan shafen ƙarshe sukan jira mako ɗaya ko biyu kafin mai ya taɓa jirgin, domin bushewar sama daban take da ƙosawar ciki. Bayan kowane tashi kuma ana goge man da ya zuba tun bai kwana ba.

Yanayi ma na da ta cewa. Idan iska na da laima, kamar lokacin damina, dop kan yi fari-fari kamar hazo ya kwanta a kai. Idan zafi ya tsananta, yana bushewa tun burushi bai gama bi ba. Ƙura kuwa, irin ta hunturunmu, makalewa take cikin ɗanyen shafe. Rana ita ma na cin yadin poliyesta, shi ya sa a manyan jirage ake zuba garin alminiyam cikin dop domin ya tare haskenta. Wannan ne dalilin da tsofaffin jirage da yawa ke da launin azurfa.

Babbar dabarar duka ita ce gwaji. A ɗauki ƙyallen yadin, a yi masa duk shafen da za a yi wa jirgi, a jira ya ƙosa, sannan a ɗiga masa man injin a goge. In ya yi danƙo, an yi asarar ƙyalle, jirgi ya tsira.

Tun shekarun 2000 jirage masu aiki da batir suka yawaita, su kuma ba ruwansu da ɓarnar mai. Amma masu son ƙarar inji da ƙamshin man zurma na nan da yawa, kuma dole su bi wannan tsari.

Lafiya da gobara

Wannan ɓangare ya shafe mu kai tsaye. Lokacin yaƙin duniya na farko, daga 1914, ma'aikatan da ke shafa dop a masana'antun jirage na Ingila, cikinsu da mata masu yawa, sun riƙa kamuwa da shawara saboda tururin wani sinadari da ke cikinsa mai lalata hanta. Wasu sun rasu, har aka daina sa wannan sinadari. Na yau bai kai wancan ba, amma shaƙar tururin dop da ruwan tsinka fenti a rufaffen ɗaki na sa jiri da ciwon kai. Poliyuretan mai gwangwani biyu kuwa, idan ana fesa shi, yana iya jawo asma, kuma ɗaura ƙyalle a hanci ba ya tare shi.

Metanol guba ne. Kaɗan daga cikinsa idan aka sha yana makantarwa, yana kuma kisa, ga shi fari tas kamar ruwa. Wutarsa da rana da ƙyar ake ganinta. Nitrat kuma na ci bal-bal cikin ƙiftawar ido. Waɗanda suka ga gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982 sun san abin da wuta ke yi wa dukiyar ɗan kasuwa cikin ƴan awoyi. Don haka mai sayar da fenti, ruwan tsinka shi, jan farce ko ruwan goge shi, ya nisanta su da murhu, fitila da taba. A ajiye su a inuwa, a rufe bakinsu gam, kada kuma a juye su cikin kwalbar ruwa ko ta lemo inda yaro zai iya ɗauka.

Abin da za mu ɗauka

Kaɗan ne cikinmu za su haɗa jirgi, amma kusan kowa na sayen fenti ko yana sayarwa. Idan mai saye ya zo neman shafen ƙyalli, a tambaye shi abin da zai riƙa zuba a kan abin da zai shafa: ruwa ne, man gyaɗa ne, isansi ne, ko turare? Teburin mai turare da na mai goro ba shafe ɗaya suke buƙata ba, domin alkol ɗin turare na cin wasu shafe. A karanta abin da ke rubuce jikin gwangwani, ko a nemi wanda zai karanta, a kuma ba mai saye shawarar ya gwada a lungu kafin ya shafe duka. Ɗan kasuwar da ya yi haka zai rage ƙorafi a bakin shagonsa, wanda ya saya yau kuma zai dawo gobe. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.