In Ƙasa Ta Motsa, Ina Za Ka Dosa?

Da yawanmu mun ɗauka girgizar ƙasa ciwon kan Japan ne da Turkiyya. Mutanen Kwoi, a ƙaramar hukumar Jaba ta Jihar Kaduna, ba za su yarda da haka ba, domin a Satumban 2016 ƙasa ta yi ta rawa a ƙarƙashinsu har gidaje suka tsattsage. Mazauna Mpape a Abuja ma sun ɗanɗana a 2018, abin ya sake dawowa a 2024. Waɗannan duk ƙanana ne, Allah Ya taƙaita. Amma wadda ta afka wa Accra a 1939 ta kashe mutum 17.

Wadda ya kamata ta tsaya mana a rai ita ce ta Maroko, ranar 8 ga Satumba, 2023. Da dare ta zo, bayan ƙarfe 11, ta hallaka kusan mutum 3,000, akasarinsu a ƙauyukan tsaunukan Atlas. Gidajensu na laka ne da dutse, ga rufi mai nauyi, kusan irin ginin ƙasar da ke ƙauyukanmu da tsofaffin unguwanninmu. Rawar ƙasa ita kaɗai ba kasafai take kisa ba. Bango da rufi da kayan da ke ruftowa su ke yin aikin.

Don haka shirin daga ɗaki yake farawa. Maigida, dubi dogon kabad ɗin da ke kan gadon yara, da jeren tangaran ɗin uwargida, da tankin ruwan da aka ɗora kan siraran ƙarafa a tsakar gida. Abin da ke ɗauruwa a ɗaure shi da bango, mai nauyi a sauko da shi ƙasa. Katangar da damina ta riga ta zaizaye gindinta kuwa, ita da ma ba sai ta jira girgiza ba, a gyara ta. A ajiye tocila da takalmi kusa da shimfiɗa, takardun gida da na makaranta a jaka ɗaya.

Idan motsin ya zo kana cikin ginin siminti mai ƙwari, kada ka ruga. Durƙusa, ka shige ƙarƙashin tebur, ka riƙe ƙafarsa, ka kare kai da wuya. Wanda ke bene kada ya shiga lif, kada kuma ya diro ta taga. Wannan ya shafi musamman 'ya'yanmu da ke karatu a Turkiyya. Amma ɗakin laka mai rufin azara daban ne: in ƙofa na kusa, fita da sauri zuwa fili, nesa da katanga da wayar lantarki. Soro ba mafaka ba ne.

Lafawar girgiza ba ita ce ƙarewarta ba. A Turkiyya ranar 6 ga Fabrairu, 2023, bayan ta asuba mai ƙarfin maki 7.8, wata mai maki 7.5 ta biyo baya da rana, ta ƙarasa gine-ginen da ta farko ta raunana. Kada kwaɗayin ɗauko kaya ya mayar da kowa cikin ɗakin da ya tsage. A rufe tukunyar gas, kada a ƙyasta ashana in ana jin wari. Tun yau a sanar da yara filin da iyali za su haɗu in an warwatsu, a kuma sa su haddace 112, lambar kiran gaggawa a Najeriya.